A-KORI-KURA MAI JAN TIRELA: JA BA WUYA, TSAYAWA CE AIKI

Daga Wakilinmu a Agege

Duk wanda ya kwana biyu a Agege ya san cewa motar nan a-kori-kura ita ce jakin wannan zamani. Ita ke kwasar raguna daga zango zuwa gidajen masu saye, ita ke ɗauko tumatir da albasa daga kasuwar Mile 12, ita ke kai siminti da rodi wurin gini, in kuwa mota ta mace a hanya ita ake kira ta jawo ta zuwa gareji. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsu a 1975, har zuwa Hilux ta yau, 'yan'uwanmu da yawa da wannan mota suke ci da iyali, da ita kuma suke aika wa mutanen gida ɗan abin masarufi.

To, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023 mai ya yi tsada, wasu masu a-kori-kura suka shiga neman hanyar da za su yi sawu ɗaya maimakon biyu. Hanyar da suka samu ita ce ƙaramar tirela. Mutum ya tafi wurin mai walda, a samo aksul na wata matacciyar mota da ƙafafunsa biyu, a ɗora masa akwatin ƙarfe, a yi masa dogon wuya da ƙugiya, shi ke nan an sami abin ja. Wasu na zuba raguna, wasu tankin ruwa, wasu janareto ko injin kwaɓa kankare.

Neman halal ne, babu mai zargin kowa a kansa. Amma na lura duk inda ake cinikin ɗaukar irin wannan kaya, tambaya ɗaya mai kaya ke yi, watau ko motar za ta iya ja. Direba kuwa sai ya bugi ƙirji ya ce ko ninkin haka ne za ta ja, kuma gaskiyarsa. Tambayar da ban taɓa jin wani ya yi ba ita ce ko motar za ta iya tsayawa da wannan kaya. A kan wannan tambaya nake so mu tattauna yau.

A GANGAREN GADA

Ana saura kwana uku Babbar Sallar 2024, cikin watan Yuni, na shiga gaban motar wani ɗan garinmu da zai kai raguna Ogba. Raguna 10 ne a bodi, 20 a tirela, ga kuma buhunan dusa huɗu da aka jibga can ƙarshen bayanta. An ɗan yi yayyafi da safe, kwalta na ƙyalli. Muka hau gadar Pen Cinema ba tare da mota ta yi ko nishi ba, har direban yana yaba mini ƙarfin injinsa.

Da muka fara gangarowa wajen titin Oba Ogunji, sai wata danfo da ke gabanmu ta tsaya cak a gindin gada don ɗaukar fasinja, kamar dai yadda suka saba. Gudunmu bai wuce kilomita 50 ba, akwai kuma rata tsakaninmu wadda a ganina ta isa. Direba ya taka birki. Nan take na ji kamar wani ƙato ya sa kafaɗa yana turo mu daga baya. Bayan mota ya fara zamewa gefe, tirela ta karkato, direba ya murɗa sitiyari dama don ya kauce wa danfo, muka hau dakalin bakin titi muka watsar da faifan wata mata mai sayar da burodi. Da ba ta yi tsalle ta haye kwata ba, da yau wani labarin nake bayarwa.

Allah ya kiyaye, ba a yi asarar rai ba. Amma rago ɗaya ya karye a ƙafa, kowa kuwa ya san rago mai karyayyar ƙafa ba ya layya. Direba ya biya burodi, ya biya rago, ya gyara bamba, abin da ya samu a makon nan duka ya tafi. Ya yi ta rantsuwa cewa birki ne ya tsinke masa. Washegari na bi shi wurin makanike, aka kwance ƙafafun motar huɗu a gabana. Fad ɗin gaba da sauran namansu, shu ɗin baya lafiya lau, man birki a cike, ba inda yake yoyo. Watau dai birki bai tsinke ba, aikin da ya fi ƙarfinsa aka ba shi.

DALILIN DA TIRELA KE TURO MOTA

Abin da ya kamata mai karatu ya fara ganewa shi ne, birki ƙafa yake kamawa, amma taya ce ke kama ƙasa. Iyakar ƙarfin tsayawar mota shi ne iyakar riƙon da tayoyinta suka yi wa kwalta, riƙon nan kuwa yana ƙaruwa ne gwargwadon nauyin da ya danne tayoyin. Saboda haka kayan da ke cikin bodi, ko da yake suna wahalar da birki, suna danne tayoyin motar su ƙara musu riƙo. Kayan da ke cikin tirela kuwa yawancin nauyinsu yana kan ƙafafu biyu ne da ba su da birki, suna ta birgima abinsu. In direba ya taka birki, mota na so ta tsaya, tirela ba ta da labari, sai ta tattaro nauyinta duka ta turo ta wurin ƙugiya.

Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga haɗari ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai ta birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, mita 14 ke nan. A busasshiyar kwalta mai kyau, da tayoyi masu kyau, birki kan bukaci wajen wasu mita 14 kafin mota ta tsaya. Jimla mita 28. To, in aka maƙala mata tirela marar birki wadda nauyinta ya yi daidai da na motar, aikin birki ya ninka, sai ya bukaci wajen mita 28 shi kaɗai, jimla ta zama mita 42. Ƙarin mita 14 ɗin nan tsawon danfo uku ne a jere. Duk wanda ya san gindin gadar Pen Cinema da yamma ya san yawan rayukan da ke cikin wannan fili.

Gudu kuma ya fi nauyi muni, domin in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata sau huɗu yake ninkawa. A gudun kilomita 80, irin wanda ake yi a babbar hanyar Abeokuta in an sami sarari, motar da babu tirela za ta ci wajen mita 57 kafin ta tsaya, mai jan tirelar da muka ambata kuwa wajen mita 92, kusan tsawon filin ƙwallo. Wannan duka a busasshiyar hanya ne. In ruwa ya sauka, ko taya ta suɗe, ko akwai yashi da baƙin mai a kan kwalta, lissafin ya wuce haka nesa.

ABIN DA MASU ƘERA MOTA SUKA FAƊA

Masu ƙera waɗannan motoci ba su ɓoye wannan magana ba, mu ne ba mu damu da duba ɗan littafin da ke zuwa da mota ba. Adadi biyu suke bayarwa. Kamfanin Toyota, alal misali, ya ce wasu sababbin Hilux na iya jan tirela mai nauyin kilo 3,500 in tana da birkinta, amma in ba ta da shi kada a wuce kilo 750. Inji ɗaya ne, mota ɗaya ce, birkin tirela kaɗai ne ya kawo wannan babban bambanci. A Ingila ma doka ce, tirela marar birki ba ta wuce kilo 750, kuma ba ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta.

A lura, kilo 750 ɗin nan har da nauyin ita tirelar kanta. Tirelar da aka yi da ƙarfe mai kauri na iya kai kilo 400 tun ba a sa mata komai ba. Saura kilo 350 ke nan, watau buhun siminti 7, ko manyan raguna 7, ko bijimin sa guda. Tankin ruwa mai lita 1,000 kuwa ruwansa kaɗai kilo 1,000 ne, ya riga ya wuce ƙa'ida. Tirelarmu ta ranar nan, da ragunanta 20 da dusarta, ta kai ninki biyu na abin da aka yarda.

A Amurka, inda jan tirela da a-kori-kura ya zama ruwan dare, an daɗe kowane kamfani na faɗin adadin da ya ga dama don ya burge masu saye. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fito da wani gwaji mai lamba J2807, wanda Toyota ta fara bi a 2011, sa'an nan Ford da sauran manyan kamfanoni suka bi a kan motocinsu na 2015. A gwajin nan hawan dutse da kaya bai isa ba. Sai mota ta tsaya da tirelarta daga gudun kilomita 32 a awa cikin nisan da aka ƙayyade, wanda ga manyan tireloli ƙafa 80 ne, watau wajen mita 24, ba tare da ta fita daga layinta ba. Sai kuma birkin hannu ya riƙe mota da tirela a kan gangare ba su motsa ba. Ashe su ma sun gane ƙarfin ja rabin magana ne.

Birkin ƙaramar tirela iri biyu ne aka fi sani. Akwai na turi, wanda ake yi wa wuyan tirela wata sanda mai shiga ciki, da zarar mota ta rage gudu tirela ta turo, sai sandar ta ja waya ta kama birkin ƙafafun tirela da kanta. Akwai kuma na lantarki, wanda ake haɗawa da wani ɗan akwati kusa da direba. Abin takaici shi ne, tsohon aksul ɗin da mai walda ke amfani da shi sau da yawa da diram ɗin birkinsa yake zuwa, amma sai a ƙwaƙule kayan cikin a zubar don ba a san yadda za a haɗa su ba, ko don mai mota ba ya son ƙarin kuɗi. Araha kuwa ba ta ado.

ZAFI DA MAN BIRKI

Matsala ta biyu ita ce zafi. Duk ƙarfin gudun da birki ya kashe, zafi yake komawa a jikin fad da diski da diram. In mota na tsayar da nauyin motoci biyu, zafin motoci biyu take sha. A dogon gangare, ko a cunkoson da ake taka birki kowane minti, fad kan yi zafi har ya daina kamawa, direba ya tsaya a kan birki da ƙarfinsa duka amma mota na tafiya. Alamarsa ita ce ƙaurin da ke tashi daga ƙafafun gaba. Wanda ya ji shi ya nemi wuri ya tsaya, birki ya huce da kansa, kada ya watsa masa ruwa don diski na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Shi kuma man birki yana da halin shan laima daga iska, ga shi Ikko gari ne mai laima rani da damina. Sabon mai lamba DOT 3 an ƙayyade kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha laima yakan sauko zuwa wajen digiri 140. In ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, ƙafar direba ta nutse har ƙasa kamar ya taka soso. Shi ya sa masu ƙera motoci da dama suka ce a juye shi a zuba sabo duk shekara biyu. Cika shi kawai in ya ragu ba ya maganin wannan. Masu zuba ruwan sabulu in mai ya ƙare musu a hanya kuwa, da ransu da na jama'a suke wasa.

Har wa yau akwai wata mummunar al'ada ta sakin mota a firi, watau ba giya, in an zo gangare, wai don a rage shan mai. Mai jan tirela da ya yi haka ya ɗora wa birki aikin duka. Abin da ya kamata shi ne ya sa giya ta biyu tun yana saman gada, inji ya riƙe motar, birki ya zama ɗan taimako. Giyar da aka hau da ita, da ita ake sauka.

YADDA AKE LODI

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yadda aka jera kaya a tirela yana da hannu ƙwarai a yadda za ta tsaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wajen kashi 60 cikin 100 na kaya ya zauna gaban aksul, ta yadda wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela zai danne ƙugiyar mota. In kaya ya yi yawa a baya, kamar buhunan dusarmu, wuyan tirela kan ɗaga bayan mota, tayoyin baya su rasa riƙo, tirela ta shiga lilo dama da hagu. In aka taka birki da ƙarfi a wannan hali, sai mota da tirela su naɗe kamar wuƙar aljihu. In kuma kaya ya yi yawa a gaba, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, alhali kuwa ƙafafun gaba ne ke yin mafi yawan aikin birki, su ne kuma na sitiyari.

Dabbobi da ruwa sun fi siminti wuyar sha'ani domin ba sa zama wuri ɗaya. Da an taka birki raguna kan tuttuɗo gaba, ruwan tankin da bai cika ba kuwa sai ya yi baya ya dawo ya bugi gaba bayan direba ya zaci ya gama tsayawa. Maganin wannan shi ne a raba tirelar dabbobi da shinge gida biyu, tanki kuwa a cika shi fal ko a tafi da shi wayam. In tirela ta fara lilo, direba ya ɗauke ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak, ya bar gudu ya ragu a hankali.

Jan matacciyar mota ma jan tirela ne, har ya fi haɗari. In injin mota ba ya aiki, tukunyar nan da ke ƙara wa birki ƙarfi, wadda makanikai ke kira busta, ba ta aiki, bayan taku biyu ko uku birki sai ya sandare kamar dutse. Sai ka ga an ɗaura ta da igiya an sa yaron gareji a kan sitiyari, in ta gaba ta tsaya ta baya ta afka mata. Sandar ƙarfe ce ta dace da wannan aiki, da gudu kaɗan, da mutum mai lasin a motar baya.

AGEGE TA SAKE

A da can, hanyoyin Agege cunkoso ne ke kiyaye su. Kowa ya tuna yadda ake shafe awa guda a mararrabar Pen Cinema ana jiran jirgi ya wuce, mota ba ta samun gudun da za ta nemi birki sosai. Yanzu an buɗe gadar Abule Egba a 2017, an buɗe ta Pen Cinema mai tsawon kilomita 1.4 a watan Maris na 2021. Hanya ta yi sauƙi, mun gode Allah, amma kowace gada gangare biyu gare ta, kowane gangare kuma a cikin 'yan talla da masu Keke Marwa da 'yan makaranta yake ƙarewa.

Ba mu manta da abin da ya faru a gadar Otedola ran 28 ga Yuni, 2018 ba, lokacin da tankar mai ta ƙwace ta kama da wuta, aƙalla mutum 9 suka rasu, motoci fiye da 50 suka ƙone. Binciken gwamnatin Jihar Legas ya nuna an ƙera motar ne don ɗaukar tan 15, aka mai da ita mai ɗaukar tan 30. Wannan babbar mota ce, amma cutar ɗaya ce da ta 'yar tirelar mai walda, watau ɗora wa birki ninkin abin da aka yi shi dominsa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motar ja kilomita 45 a awa muddin tana jan wani abu, ko a cikin gari ko a babbar hanya. Mai a-kori-kura da ya maƙala tirela ya kamata ya ɗauki wannan adadi a matsayin iyakarsa, ko da jami'an hukumar ko na LASTMA ba sa kallonsa. Ya kuma bar rata tsakaninsa da motar gaba ninki biyu na abin da ya saba, ko da 'yan danfo za su yi ta kutsawa cikinta.

KIRA GA 'YAN'UWA

Ga masu motoci, shawarata ita ce duk tirelar da za ta wuce kilo 750 da kayanta a yi mata birki, in ba hali a yi sawu biyu. A sa mata sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin wuya don ko ƙugiya ta ɓalle kada ta gudu ita kaɗai, a sa mata fitilar birki a baya don na baya ya san an tsaya, a daina sa mata tayoyin da mota ta gama cinyewa. Kafin a hau babban titi kuma a gwada birki sau biyu da kayan a kai a wurin da ba mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga shugabannin tasha da na zango, su ne suka san wa ke da tirela, wa ke lodin wuce kima. Maganarsu ta fi ta ɗan sanda shiga kunnen direba. Mu kuma masu kaya, da mu ake yin laifin, domin mu ne ke matsa wa direba ya ƙara rago biyar a kan kuɗin sawu ɗaya. Ran da abin ya ɓaci, sunan Hausawan Agege duka za a kira, mu da muke zaman baƙunci lafiya da masu gari tun kaka da kakanni.

Ɗan garin namu ya sayar da tirelarsa wa masu gwangwan bayan Salla. Yanzu sawu biyu yake yi, yana ƙorafin mai, amma yana kwana a ɗakinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya, amin.